Abin da Fim ɗin 21 Ya Ɓoye

A 2008 aka fito da wani fim a Amurka mai suna 21, labarin waɗansu ɗaliban jami'ar MIT da suka riƙa cin gidajen caca na Las Vegas ta wurin ƙirga karta. Tushen labarin gaskiya ne, amma fim ɗin bai yi wa mai kallo adalci ba.

Dabarar ba tasu ba ce. Edward Thorp, malamin lissafi, shi ya bayyana ta cikin littafinsa a 1962. A wasan blackjack, kartar da ta fita ba ta komawa sai an sake cuɗa kartar duka. In ƙanana, wato 2 zuwa 6, sun fita da yawa, manya ke nan suka rage, su kuwa suna taimakon ɗan wasa. Sa'an nan mai ƙirge yakan ƙara kuɗi. Ɗaliban suka haɗa da wayo: ɗaya ya zauna yana zuba kuɗi kaɗan yana ƙirge, in lokaci ya yi ya yi wa abokinsa alama, shi kuwa ya zo kamar attajirin da bai san kome ba, ya zuba da yawa.

Laifin fim ɗin na fari, ya mai da cin nasara abu mai sauƙi. Alhali rinjayen mai ƙirge bai wuce misalin 1 cikin 100 ba. Sai da babban jari na masu kuɗi, da jimrewa da hasara ta makonni, kafin riba ta fito.

Na biyu, ya sa mu yi wa ƙarya tafi. Ƙirge da ka ba ya karya dokar Nevada, amma ɓad da kama da sunan jabu ruɗi ne, ko da wanda aka ruɗa gidan caca ne.

Na uku ya fi damuwa. Saurayi ya kalla, ya ce ashe caca tana da lissafi, ya nufi masu duba tsofaffin lambobin loto a zangon Kumasi ko Ankara. Amma ƙwallayen loto duka suna komawa kowane jefi, na jiya ba ya faɗin na gobe. Mai neman lamba 5 daidai cikin 90, damarsa 1 ce cikin 43,949,268.

'Yan'uwa, garin neman ƙiba akan samo rama. Wanda ya iya lissafi da gaske, shi ne zai fara riƙe kuɗin makarantar 'ya'yansa a aljihu.