Sharhi a kan Finafinai Uku da Muka Kwana Kallo a Kakuri

Hutun ƙarshen zango na yi shi a gidan yayana a Kakuri, can ƙetaren kogin Kaduna, kusa da tsofaffin masaƙun da suka daina aiki. Wata Asabar muka yi shawarar mu kwana kallo, aka sayo man janareta, aka shimfiɗa tabarmi, muka zauna mu takwas har da Gwaggo. Finafinai uku muka kalla a jere daga bayan sallar isha'i zuwa gab da asuba, wato "Amina" (2021), da "Mati a Zazzau" (2020), da kuma "The Milkmaid" (2020). Amfanin irin wannan kallo shi ne, aibin da wani fim ya ɓoye, na kusa da shi yakan tona. Abin da zan auna su da shi kuwa shi ne ma'aunin da malamanmu suka koya mana a nazarin wasan kwaikwayo: jigo, da zubi da tsari, da harshe.

Da "Amina" muka fara, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar, tare da Ali Nuhu. Ba a yi rowar kuɗi ba a nan. Ga dawaki, ga sulke, ga taron mayaƙa, kuma a shekarar 2022 fim ɗin ya sami lambar AMVCA ta fim mafi kyau. To amma ba a yi minti goma ba sai Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wai ita Amina Baturiya ce?" Dalili kuwa, da Turanci ake magana a fadar Zazzau tun daga sarki har bafade. Tambayar Gwaggo ta fi dogon sharhina nauyi. Fadar Bahaushe da harshe take tsayuwa: kirari, da zuga, da habaici, da irin lafazin da bafade ke sassauta maganar sarki da shi. In an zare waɗannan, sai a bar mu da rawani da alkyabba kawai.

Ta fuskar tarihi ma akwai gyara. Abin da aka rubuta game da Amina kaɗan ne. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya kawo ta cikin Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Sauran duk labarin baka ne, irin na Bakwa Turunku da na ganuwar Amina. Saboda haka ba laifi ba ne mai fim ya cike giɓi da ƙagen kansa, domin marubuci ma haka yake yi. Laifin shi ne abin da aka cike giɓin da shi. An ɗauko soyayya da faɗan fage irin na finafinan Amurka an ɗora mata, aka bar zancen fatauci da goro da ganuwa, waɗanda su ne suka sa sunanta ya tsira. Turunku fa tana nan cikin Jihar Kaduna, tafiyar da ba ta kai wuni ba.

Na biyu shi ne "Mati a Zazzau" na Yaseen Auwal, inda Sadiq Sani Sadiq ya koma rigarsa ta Mati da aka san shi da ita tun a "Mati da Lado", tare da Rahama Sadau. Labarin wani makwaɗaici ne mai wayon tsiya da ya sauka Zazzau yana farautar dukiya. A nan ne falon ya farka. Yaran da suka fara gyangyaɗi suka miƙe, Gwaggo ta yi dariya har da share hawaye. Mati ba baƙo ba ne a wurinmu, Gizon tatsuniya ne ya sa hula: ga haɗama, ga tsoro, ga bakin da ba ya rasa amsa. Harshen kuwa namu ne, an sake shi yana tafiya da ƙafarsa. Sai dai zubin ya yi sako-sako. Fitowa takan yi tsawo don kawai ɗan wasa ya sami abin dariya, labarin ya tsaya cik yana jiransa. Da an datse wasu wurare da fim ɗin ya fi ƙarfi. Wannan kuwa tsohuwar cuta ce a finafinan Kano tun daga "Turmin Danya" na 1990: a dogara da gwanintar ɗan wasa, a yi sakaci da rubutun.

Wajen ƙarfe biyu na dare, bayan an kora yara sun kwanta, muka sa "The Milkmaid" na Desmond Ovbiagele. Sunan ne kawai na Turanci, amma da Hausa aka yi mafi yawansa, da ɗan Fulatanci da Larabci. A Jihar Taraba aka ɗauke shi, kuma mai fim ɗin ya ce hoton 'yan matan nan masu tallar nono da ke bayan takardar naira goma ne ya ba shi tunanin. A'isha (Anthonieta Kalunta) ce ke neman 'yar'uwarta Zainab (Maryam Booth) bayan 'yan tayar da ƙayar baya sun auka wa ƙauyensu. Da ta same ta, sai ta tarar Zainab ta rungumi aƙidar waɗanda suka sace ta. A nan ƙarfin fim ɗin yake. Bai tsaya ga nuna mugu da nagari ba, ya nuna yadda wanda aka zalunta kan wayi gari shi ma yana zalunci. Maryam Booth ta yi wasan da ban taɓa ganin ta yi irinsa ba, ido da shiru kawai take aiki da su a wurare da dama, kuma ta cancanci lambar AMAA da ta samu a 2020. Aibinsa shi ne yawan kai da komo tsakanin da da yanzu, har mai kallo kan ɓata, sannan Hausar wasu 'yan wasan tana da ƙamshin fassara.

Da aka gama ba wanda ya yi magana. Mutumin Kakuri ba ya bukatar a fassara masa ma'anar rabuwar 'yan'uwa. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa kogin nan ya koma kamar iyaka, maƙwabtan shekara da shekaru suka kwashe kaya, wasu suka haura arewa, wasu suka gangaro kudu. Gwaggo ta ce a hankali, "Allah ya kiyaye na gaba," ta tashi ta tafi alwala.

To ya mai karatu, ga hukuncina. "The Milkmaid" ne na ɗaya, domin jigonsa da zubinsa sun riƙe juna. "Mati a Zazzau" na biyu, don harshensa. "Amina" na uku, duk da ya fi su ado. Abin lura kuma shi ne, biyu daga cikin ukun waɗanda suka shirya su ba 'yan ƙasar Hausa ba ne. Ban ga laifinsu ba, ai gonar da mai ita ya bari, wani ke nomawa. A 2019 an fitar da "Lionheart" daga gasar Oscar saboda Turanci ya yi masa yawa, daga nan Nijeriya ta tura "The Milkmaid", a 2024 kuma ta tura "Mai Martaba", dukansu na Hausa. Ke nan harshen da wasunmu ke jin kunyarsa ya zama jari. Tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, da Hausa tsantsa, bisa littafi mai ƙashi. Abin da ya rage a yau shi ne marubuta, kuma daga cikin ɗaliban wannan ƙungiya tamu ya kamata su fito. Allah ya sa mu dace.