Sunan "Likitan Iyali" da Ƙarancin Masu Neman Horonsa

Masu binciken abin da ke hana sababbin likitoci a Nijeriya ta Arewa shiga horon likitan iyali sukan kawo ƙarancin albashi, da wahalar zama a asibitin ƙauye, da taruwar manyan malamai a birane. Duka gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da suke tsallakewa, watau sunan aikin kansa.

Bahaushe da sana'a yake sanin mai magani: maɗori da karaya, ungozoma da haihuwa, wanzami da ƙaho da kaciya. Sa'ad da likitancin Turawa ya zo sai aka bi wannan sawu, aka ce likitan ido, likitan haƙori, likitan mata, kalma ta biyu tana nuna inda gwanintar mutum take. Saboda haka yaron da ya sauke karatu a Zariya ko Kano, in ya koma gida, abin da dattawa za su fara tambayarsa shi ne, "Likitan me za ka zama?" Yana bukatar amsar da ubansa zai iya faɗa a ƙofar gida.

Kwalejin ƙasa mai horar da manyan likitoci, wadda aka kafa a 1979, ta fara kiran fannin da suna mai nufin aikin likita na gama-gari, daga baya ta sāke shi zuwa na iyali. A Turanci an ƙaru da wannan canji. Mafassara kuwa suka ɗauko kalmar yadda take, ba su auna nauyinta a Hausa ba. "Iyali" aro ce daga Larabci, ma'anarta matar mutum da 'ya'yansa, a bakin mai kunya ma matarsa kaɗai. Bugu da ƙari, tun da aka soma yekuwar tsarin iyali, in an haɗa kalmar da asibiti, tazarar haihuwa ce ke fara faɗo wa mai ji a rai. Alhali kuwa wannan likita shi ne ke duban tsoho mai hawan jini, da jikansa mai zazzaɓi, da surukarsa mai juna biyu, duk a zama ɗaya.

"Likitan gida" ya fi kusa, gama gida ya haɗa maigida da tsofaffi da baƙi. Aibinsa ɗaya, mai ji yana iya zaton likitan da attajiri ya ajiye wa kansa ake nufi.