Malam Yaro da tarihin gidajen fatauci a ƙasar Damagaram: sharhi

A shekarar 1972 André Salifou ya buga maƙala cikin Faransanci a kan Malam Yaro, babban attajirin Zinder a ƙarshen ƙarni na 19, shekara guda bayan littafinsa na tarihin Damagaram. Stephen Baier kuma ya sake duba al'amarin a littafinsa na 1980 kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Tun da yake masu tsara littattafan yaƙi da jahilci kan ɗebo labari daga irin waɗannan ayyuka, ya kamata a auna abin da suka ƙunsa da abin da suka bari.

Amfanin aikin Salifou a fili yake. Ya nuna cewa Nasara ba su tarar da kasuwa a kwance ba: tun kafin a kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, da faɗuwar Zinder a hannun Faransawa a 1899, Malam Yaro yana da wakilai da ayari masu kai fatu da gashin jimina zuwa Tarabulus. Ya yi hulɗa da sababbin masu mulki, amma hulɗar ba ta tsirar da shi ba, domin da aka yi zargin makirci a 1906 sai aka kore shi zuwa Kwaddibuwa tare da Sarki Amadu Ɗan Basa.

Sai dai tarihin attajiri daban, tarihin gidansa daban. Gidan fatauci ya haɗa maigida da ƴaƴa da barori da bayi da dillalai, kuma takardun Faransawa maigidan kaɗai suka sani. Wanda ya dogara da su zai ga mutum ɗaya inda ake da jama'a. Zuriya kuwa, idan aka tambaye ta, takan faɗi alherin kaka ta yi shiru kan bayi. Dole a gwada bakin biyu, a nemi na uku wajen jikokin waɗanda suka ɗauki kayan.

Abu na biyu shi ne cewa labarin bai kamata ya tsaya a birni ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar Sahara ta mutu, dukiya ta juya kudu, kamar yadda Baier ya bayyana. Ƙasar Magaria da Dungass, wadda take bakin iyaka, ta zama kasuwar gujiya, inda kamfanonin Turai irin su CFAO da SCOA suka yi ta saye ta hannun ƴan ƙasa har aka kafa SONARA a 1962. John Collins ya yi nazarin wannan ciniki a Magaria a 1974, amma hankalinsa yana kan hukuma da kasuwa. Tambayar da ta rage ga masu bincike ita ce: waɗanne gidaje ne suka sauya daga raƙumi zuwa sikeli, waɗanne ne suka karye?

Na uku, batun harshe. Fassara takan haɗiye bambanci tsakanin falke da ɗan koli da dillali, kuma “yaro” a bakin attajiri yana iya zama dattijo mai furfura da ke juya dukiyar maigida. Haka nan abin da manomin Dungass ke kira gujiya, gyaɗa ce a Kano, inda gujiya take nufin wata shuka dabam. Littafin da aka kwafo daga Hausar Kano ba tare da lura ba zai rikita mai koyo tun daga shafin farko.

Saboda haka shawararmu ita ce a ɗauki maganar dattawan Magaria da Dungass da Hausarsu, a rubuta ta yadda suka faɗa, sannan a gwada ta da takardu kafin a tsamo littafin karatu daga ciki.