Masu Ɗibar Jinin Safe

Daga Wad Haddad zuwa Wad Madani a ƙasar Sudan, mai ciwo yakan yi sammako ne saboda wasu mutane da ba a cika ambatonsu ba: ma'aikatan ɗakin gwajin jini. Su nake yi wa jinjina, musamman masu auna kotisol, sinadarin da wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda suke fitarwa.

Aikin yana da ƙa'ida. Kotisol yakan hau da asuba ya sauka da dare, don haka wajen ƙarfe 8 na safe ake ɗibar jinin. In likita bai gamsu ba, sai a yi allurar da ke zuga gaɓoɓin, a sake ɗiba bayan minti 30 da 60. Ma'aikaci yana tsaye da agogo, yana rubuta lokaci a jikin kowace kwalba, yana lallashin dattijuwa: "Inna, saura kaɗan."

Wannan haƙurin nasu ne ke gano cutar da Thomas Addison ya bayyana a 1855: kasala, rama, duhun fata, saukar jini, kwaɗayin gishiri. A ƙauyukanmu sai a yi ta shan maganin zazzaɓi a banza. Tarin fuka yana jawo cutar, ƙwayoyin ƙiba da man bilicin masu sitiroyid kuma suna kashe wa gaɓoɓin ƙarfi.

Yaƙin da ya faɗa wa Madani a Disambar 2023 ya tarwatsa da yawa daga cikin ma'aikatan. Waɗanda suka koma bakin aiki, da wuta ko babu, Allah Ya saka musu da alheri.