Dodon Kaka da Dodon Majigi

Duk wanda ya saurari gatanar da tsofaffin mata ke yi wa jikokinsu a garuruwan Urafan da Tasawa da Mayahi, a daren kaka bayan an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, sa'an nan ya kwatanta ta da zanen nan mai motsi da yara ke cincirindo su kalla a wayar yayansu, wanda aka turo daga rumfar mai caji a ranar kasuwa, ba zai rasa lura da cewa sunayen ne kaɗai suka tsira ba. Gizo na nan, Ƙoƙi na nan, Dodo ma na nan. Amma Dodon ya zama wani dolo mai tumbi da ba ya haɗiye kowa, kishiyar uwa kuwa, wadda a da ake zartar mata da hukunci a ƙofar fada, yanzu tuba take yi a rungume ta.

Gatana ta asali ba ta da wannan sassauci. A ɗauki labarin Ta-kitse, yarinyar da ta fito daga kitsen san tsohuwa bayan sarki ya ƙwace shi ya yanka, wadda aka gindaya sharaɗin kada ta kusanci wuta ko rana, amma da sarki ya tafi yaƙi kishiyoyi suka matsa mata lamba sai ta yi girki, har ta narke a gaban murhu suna kallo. Ko kuma labarin 'yar bora da aka kora zuwa ruwan Bagaja, ta yi ladabi ga duk abin al'ajabin da ta tarar a hanya ta komo da arziki, alhali 'yar mowa, da ta bi sawunta da rashin kunya, ta komo gida cikin ayarin kutare da makafi, ƙudaje na binta. Wanda ke zaton masu nazari ne suka ƙara wa abin gishiri, to, ya duba littattafai uku na tatsuniyoyi da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 daga rubutun ajami na malamai, zai iske yanka da haɗiya da yunwa fululu, ba tare da wani ya nemi afuwar mai karatu ba.

Kuma ba mamaki. Mutanen da ke zaune a gefen Gulbin Kaba, waɗanda kakanninsu suka ga yunwar Kakalaba a 1913 da 1914, iyayensu suka ga ta El-Buhari a 1984, su da kansu suka ga ta 2005, ba su ɗauki rowar Gizo, da ke ɓoye abinci ya bar Ƙoƙi da 'ya'ya da yunwa, a matsayin raha zalla ba, domin sun san abin da fari ke mayar da magidanci.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa tausasa labari bai fara daga majigi ba, kuma bai fara daga ƙasarmu ba. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, da suka fitar da tarin tatsuniyoyinsu a 1812, sun rubuta cewa uwar da ta haifi Snow White ce ta nemi a kashe ta a kawo mata huhu da hanta. Da suka ga littafin ya shiga hannun yara, sai a bugun 1819 suka ɗora laifin a kan matar uba. Duk da haka sun bar mata ukubarta, wato a sa mata takalman ƙarfe da aka gasa a wuta ta yi ta rawa har rai ya yi halinsa. Kamfanin Disney ne, a fim ɗinsa na 1937, ya janye wannan kisasi daga hannun mutane, ya bar ta ta faɗo daga kan dutse cikin hadari, ta yadda babu wanda za a ce ya zartar. Haka a 1950 ya zaɓi riwayar Cinderella ta Bafaranshe Perrault, inda ake yafe wa 'yan uba, ya bar ta Jamusawa inda suke yanke yatsa da diddige don takalmi ya shiga. A wajenmu ma Abubakar Imam, da ya ɗebo daga Grimm da Alfu Laila ya gina Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya yi wa abin da ya ɗebo gyaran da ya dace da ɗan makaranta.

Mas'alar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce bambancin kunne da ido. Tsohuwar da ke gatana tana ganin fuskokin masu saurarenta a hasken wata ko na fitila. Idan ta kai inda Dodo ke jin warin mutum, ta kaurara murya, ta ga ƙaramin cikinsu ya cusa kai a zanenta, sai ta sassauta, ta jawo waƙar da ke cikin labarin yara su amsa, har numfashinsa ya daidaita, kana ta koma ta ƙarasa abin da ta fara, ba ta rage masa komai ba. Dodonta kuwa ba shi da sura tabbatacciya, kowane yaro shi ke ƙera nasa gwargwadon abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Ga kuma katanga gaba da baya: ba a yin ta da rana, ana buɗe ta da kalmomi sanannu, a rufe da kan kusu da ikirarin cewa ƙarya aka shara. Mai zane ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dole ya ba Dodo haƙora da idanu, sura guda ga ɗan shekara uku da ɗan shekara goma, ya kuma saki aikinsa ga yaron da wataƙila zai kalla shi kaɗai. Saboda haka idan ya rage jini, uzurinsa karɓaɓɓe ne, ban ga abin zargi ba.

Inda nake da ja shi ne inda aka wuce rage jini aka shafe sakamako. Yarinyar da ke zaune a gidan da uwarta ce bora, wadda ta san bambancin ƙwaryar furarta da ta 'yar ubanta, ba ta buƙatar a ɓoye mata cewa akwai zalunci. Abin da gatana ke ba ta shi ne tabbacin cewa ana hisabi, kuma azzalumi na girbar abin da ya shuka a bainar jama'a. Idan aka mayar da ƙarshen ya zama rawa da yafiya ba tare da an biya haƙƙi ba, an tsinka furar da ruwa har ta daina riƙe ciki. Malamanmu ma, da wasunsu ke kallon gatana a matsayin lagawu, ba su taɓa yin wa'azi da bushara kaɗai ba tare da gargaɗi ba.

Ba kuwa tilas ne majigi ya bi tafarkin Disney ba, kuma hujjar tana cikin Nijar. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya daɗe zaune a Tawa, yana cikin na farkon da suka yi zane mai motsi a Afirka ta Yamma; da kwaɗi ya yi wa fadanci da mulki shaguɓe a La Mort de Gandji da Bon Voyage Sim tun tsakiyar shekarun 1960. Da ya zo ɗaukar hikayar Tula da 'yan wasa na zahiri a farkon shekarun 1970, ana tsakiyar babban fari, labarin budurwar da aka miƙa wa aljanin ruwa don a samu damina, bai kuɓutar da ita ba: saurayinta ya tafi neman ruwa don ya fanshe ta, ya komo ya tarar an riga an gama. Ko Michel Ocelot, a Kirikou na 1998 da yaran Nijar da yawa suka kalla, wanda a ƙarshe ya dawo da mazajen da aka zaci mayya Karaba ta cinye, sai da ya bar ƙayar da maza suka soka mata a gadon baya, ya kuma bar kururuwarta a lokacin da yaron nan Kirikou ya cire ta da haƙoransa.