Shata da Makaɗansa: Yadda Kalangu Ya Shiga Fada

Wanda ya saba tsayawa a Kwanar Dangora, a kan babban titin Kano zuwa Zariya, da wuya ya sha shayi ya tashi bai ji muryar Alhaji Mamman Shata tana fitowa daga wata mota ko wata rumfa ba. Mutumin ya rasu tun 1999, amma direbobi ba su sake shi ba. Sai dai akwai wata magana da a kan yi a kansa wadda ta kamata a duba, watau wai Shata bai taɓa sāke kiɗa ba, abin da ya fara da shi yana saurayi shi ya mutu yana yi. Masu faɗin haka sun ji kalangu a farko, sun ji kalangu a ƙarshe, sai suka yanke hukunci. Gaskiyarsu rabi ce.

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, har ma mahaifinsa bai so ya shiga wannan sana'a ba, gama a lokacin roƙo gādo ne, ɗan mutunci ba ya ɗaukarsa da rana tsaka. A dandali ya fara, wurin wasan samari da 'yammata, yana tallan goro da alewa. Wannan asali shi ne mabuɗin dukan abin da ya biyo baya. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa da Musa Ɗanƙwairo na Maradun da kotso su ke kiɗa, kowanensu kuwa ya tashi a ƙarƙashin ubangida. Kalangu fa kiɗan mahauta ne da 'yammata. Ba wanda ya zaci za a tsaya da shi gaban sarki mai sanda a yi masa waƙa, ya kuma ji daɗi.

To, ga inda bambancin aikin ya ke. A wajen Narambaɗa da Ɗanƙwairo, 'yan amshi abokan ginin waƙa ne. Shugaba ya ɗauko ɗa, su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu, sa'an nan a koma gindi. Irin wannan sai an zauna an shirya, an maimaita har ta zauna a bakin kowa. Shata bai bi wannan hanya ba. Shi yaransa amshi guda ya kan ba su, gajere, su riƙe shi kamar turke, su yi ta maimaitawa tun daga farko har ƙarshe. Kalangai kuma, da ya ke ana matsa tsirkiyarsu a hammata murya ta hau ko ta sauka, su ma amshin nan su ke faɗi da bakin fata. Da ƙasa ta tsaya daram haka, sai shi maigidan ya sami filin da zai yi yawo yadda ya ga dama. Ya yi yabo, ya yi zambo, ya ba da labarin tafiya, ya tsokani wanda ke zaune a gefe, bai kuwa zauna ya tsara ko ɗaya tun a gida ba. Shi ya sa in an ji waƙarsa guda a wurare biyu, amshi ɗaya ne, 'ya'yan kuwa sun bambanta.

Nan ne ya kamata a yi wa makaɗan nan adalci. Jama'a sun haddace sunan Shata, kaɗan ne suka san sunayen waɗanda suka yi shekaru suna tsaye bayansa. Alhali kuwa aikin da ya ke kamar mai sauƙi shi ne mai wuya. Mutum ya riƙe amshi ɗaya rabin sa'a, bai yi sauri ba, bai ja baya ba, yana kuma sauraron numfashin maigida don ya san inda zai faɗo, wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Da turken ya yi rawa, da dokin ya ɓalle.

Abin da ya sāke, ashe, ba ganga ba ce, wurin da a ke kaɗa ta ne da mutanen da a ke kaɗa wa. Daga dandalin Musawa ya bi garuruwan auduga da jirgin ƙasa, Bakori da Funtuwa, sa'an nan Kano. Can ya tarad da sababbin iyayen gida waɗanda makaɗan fada ba su kula da su ba: fatake, da dillalai, da direbobi, da ma'aikatan En'e. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryarsa ta isa ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Daga nan bakinsa ya buɗe ga kowane zance. Ya yi wa sojoji waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi ta noma, ya yi ta kumbon Apollo 11 da mutanen Amurka suka harba zuwa wata a 1969.  Daga bisani kuma sarakunan da kansu suka buɗe masa ƙofa, musamman Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ɗan tallan goro ya zama Dokta.

Mai son ya gane nisan tafiyar, sai ya gwada Bakandamiyarsa da ta Narambaɗa. Dukansu biyu kirarin kai ne. Ta Narambaɗa gini ce da aka auna tubalinta, ba a cire ɗaya sai bango ya tsage. Ta Shata kogi ce, kullum a ka je an tarad da sabon ruwa. Kowace da ƙarfinta, amma ba su auna da mudu ɗaya.

Duk da haka, hanyar nan tana da aibinta, bai kuwa kamata a ɓoye ba. Abin da ba a shirya ba, wata rana ya zo da zinariya, wata rana da tsakuwa. Da kaset ya yawaita daga shekarun 1970, kuɗin man fetur kuma ya cika hannun 'yan kwangila, sai aka riƙa ɗaukar kowane wasa na biki ana sayarwa. A cikin waɗannan akwai da dama da ba kome cikinsu sai jerin sunaye da lissafin kyauta, wane ya ba da mota, wane ya ba da riga. Muryar ta yi kauri, ta yi nauyi irin na dattijo, wannan ƙari ne. Amma zafin bakin nan na samartaka ya kan yi ƙasa in mai biki ya fi labarinsa kuɗi. A irin waɗannan kaset, sau da yawa makaɗan ne ke ɗauke da waƙar, su ne dalilin da direba ba ya kashe ta.

A Kano ya rasu cikin watan Yuni na 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa. Mawaƙan da suka taso bayansa yawancinsu fiyano da na'urar situdiyo suka kama, inda inji ke riƙe kiɗa, ba ya gajiya, ba ya kuma jiran numfashin kowa.