BABI NA HUƊU: TUBALAN LABARI DA BADDALAWA A JERIN WASANNIN FINAL FIGHT

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin samuwar wasannin bidiyo na dambatawa a ƙasar Japan, wato irin wasannin nan da tauraro ke tafiya daga hagu zuwa dama yana dukan duk wanda ya tare masa hanya. A wannan babi kuwa, za a dubi jerin wasa guda ɗaya, wato Final Fight na kamfanin Capcom, wanda ya fara fitowa a shekarar 1989. Za a fara da tubalan da aka gina labarinsa da su, sannan a dubi canje-canjen da aka yi masa yayin da aka kai shi kasuwannin Amurka da Turai. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, masu gyaran sun taɓa tufafin wasan ne kawai, sun bar ƙashin bayansa yadda yake, kuma a wuri guda gyaran nasu ƙara wa wata tsohuwar matsala ta labarin nauyi ya yi.

An yi amfani da kalmar baddalawa a nan da ma'anar da manazarta adabin Hausa suka saba ba ta idan suna magana a kan Magana Jari Ce (1937), inda Abubakar Imam ya ɗauko labaran wasu al'ummomi ya sa musu rigar Hausa. Fassara takan tsaya ga kalmomi, ita kuwa baddalawa takan taɓa suna da sura da al'ada.

4.1 Taƙaitaccen Labarin Wasan

An gina labarin ne a wani ƙagaggen birni na Amurka mai suna Metro City, wanda kamanninsa suka yi daidai da na birnin New York. Wani tsohon ɗan kokawa, Mike Haggar, ya zama magajin gari, ya kuma ƙuduri aniyar kawar da 'yan dabar Mad Gear. Da suka ga ba zai karɓi toshiyar baki ba, sai suka sace 'yarsa Jessica. Daga nan Haggar ya tuɓe rigar ofis ya fita nemanta da kansa, tare da saurayinta Cody da abokin Cody mai suna Guy. Sun ratsa zango shida, tun daga unguwar talakawa har zuwa saman dogon benen da shugaban dabar, Belger, yake zaune. A ƙarshe aka tunkuɗo shi ta taga, aka kuɓutar da yarinyar.

An fara sa wasan ne a injinan jefa sulalla na gidajen wasa. A ƙarshen 1990 aka mayar da shi na'urar gida ta Nintendo a Japan, a 1991 kuma ya fito a Amurka. Kashi na biyu ya biyo baya a 1993, na uku kuma a 1995.

4.2 Tubalan Ginin Labari

Idan aka lura da kyau, za a ga cewa akwai wasu tubalai da ake ta maimaitawa a wannan jeri da ma takwarorinsa. Guda biyar ne suka fi fitowa fili.

Na farko shi ne sace mace. Wannan tubali ya girmi Final Fight, domin da shi aka buɗe wasan Double Dragon na kamfanin Technos a 1987, inda aka sace Marian. A kashi na biyu na Final Fight ma an sake komawa gare shi: an sace Rena, wadda Guy zai aura, tare da mahaifinta Genryusai. Amfanin wannan tubali ga maginin wasa a bayyane yake. Mai jefa sulalla ba ya da lokacin karanta dogon labari, saboda haka ana bukatar dalilin faɗa wanda za a gane cikin ƙiftawar ido. Illarsa kuwa ita ce, Jessica ba ta da wani aiki a labarin illa a sace ta, a kuma ƙwato ta. Tauraruwa ce a suna, amma matsayinta bai wuce na kayan da aka yi fashinsu ba.

Na biyu shi ne lalataccen birni da hukumar da ta gaza. Bangaye duk rubuce-rubuce, jirgin ƙarƙashin ƙasa cike da 'yan ta'adda, babu ko mutumin kirki guda a kan titi. Ɗan sandan da aka ba muhimmanci a wasan farko, Edi. E, shi kansa ɗan amshin shatan daba ne, kuma shi ne gogarman zango na uku. Wannan ne ya halatta wa magajin gari ya ajiye doka ya ɗauki bututun ƙarfe. Maginan wasan Japanawa ne, kuma hoton Amurka da suka zana daga finafinai suka samo shi, musamman Streets of Fire na 1984, wanda shi ma a kan ƙwato mace daga hannun 'yan daba aka gina shi.

Na uku shi ne rabon halaye tsakanin taurari uku: Haggar mai ƙarfi ne amma mai nauyin jiki, Guy mai zafin nama ne amma bugunsa ba nauyi, Cody kuwa tsaka-tsaki ne. An bi wannan tsari a kashi na biyu da Haggar da Maki da Carlos. A nan ba a gane halin tauraro daga maganarsa, sai daga yadda yake duka.

Na huɗu shi ne maimaita abokan gaba. Sura ɗaya ake zanawa a canza mata launi da suna ta zama mutum biyu ko uku, kamar Axl da Slash, ko Poison da Roxy. Ƙarancin wurin ajiya a na'ura ne ya haifar da haka, amma ya yi tasiri ga ma'ana, domin abokin gaba ya zama taron da ba ya da fuska, wanda ba a jin tausayinsa. A ƙarshen kowane zango kuma akwai gogarma guda mai suna da siffa tasa shi kaɗai.

Na biyar shi ne abinci da makamai da ake samu idan an fasa ganga ko kwandon shara ko ɗakin tarho. Tauraro kan tsinci gasasshen nama a ƙasa ya ci, ƙarfinsa ya dawo nan take. Hankali ba zai ɗauki wannan ba, amma mai wasa ya yarda da shi kamar yadda mai sauraron tatsuniya ya yarda dabba ta yi magana.

4.3 Canje-canjen da Aka Yi

Wajibi ne a bambance canji iri biyu, domin sau da yawa akan cakuɗa su. Akwai wanda gazawar na'ura ta jawo, wanda ya shafi bugun Japan da na Amurka baki ɗaya. Alal misali, a na'urar gida an cire Guy, an cire zango na huɗu da gogarmansa Rolento, an kuma hana mutum biyu yin wasa tare. Wannan ba baddalawa ba ce. Baddalawa ita ce abin da aka canza a bugun ƙasashen waje kaɗai, bisa ƙa'idojin da reshen Nintendo na Amurka ya gindaya a wancan lokaci. Ana iya kasa ta gida biyar.

(a) Addini. An canza sunan gogarman farko daga Damnd, mai nuni ga la'ananne, zuwa Thrasher. Na biyu, Sodom, wanda sunansa ya yi daidai da na birnin mutanen Annabi Luɗu, ya koma Katana, wato sunan takobin Japanawa. Haka kuma, akwai wurin da taurari ke farfasa motar wani ɗan daba. A asali idan mai motar ya iso yakan durƙusa ya ce wayyo Allah, sai aka mayar da shi yana cewa wayyo motata.

(b) Barasa. Kwalaben giya da na wiski da tauraro ke sha ya farfaɗo sun koma lemon kwalba da bitamin, an kuma goge kalmar mashaya daga allunan kan titi.

(c) Jini da naƙasa. An cire tsartuwar jinin da ake gani idan an soki mutum da wuƙa. Keken guragun da Belger ke zaune a kai kuma aka sake zana shi ya zama kujerar ofis.

(d) Launin fata. An haskaka fatar wasu daga cikin baƙaƙen 'yan daba, kamar Dug da Simons.

(e) Mata. An cire Poison da Roxy ɗungurungum, aka sa wasu maza biyu, Billy da Sid, a gurbinsu. David Sheff ya kawo a littafinsa Game Over (1993) cewa wani mai gwajin wasa a Amurka ne ya nuna rashin dacewar a ga tauraro yana dukan mata, sai aka amsa masa daga Japan cewa ai waɗannan maza ne masu shigar mata. Wannan amsa ba ta hana cire su ba. An maimaita haka a kashi na biyu, inda Mary da Eliza suka koma Leon da Robert. A bugun na'urar Sega CD na 1993 kuwa, an bar Poison da Roxy amma an ƙara wa tufafinsu tsawo.

4.4 Sharhi

Abu na farko da za a lura da shi shi ne, babu ko ɗaya daga cikin tubalai biyar ɗin nan da baddalawar ta rusa. Har yanzu ana sace mace, har yanzu magajin gari na karya ƙasusuwan talakawansa a kan titi, har yanzu ana jefo mutum daga saman bene. An goge jini, an bar wuƙa. An ɗauke keken guragu, an bar tagar. Wannan na nuna cewa abin da ya dami masu gyaran shi ne abin da uwa ko uba za su hango idan sun gifta ta bayan yaro, domin a Amurka na'urar Nintendo kayan wasan yara aka ɗauke ta. Jigon wasan, wato cewa ƙarfi ne maganin ɓarna, bai shiga lissafinsu ba.

Wasu daga cikin canje-canjen suna da hujja mai ƙarfi. Haskaka fatar Dug da Simons, alal misali, ya nuna masu gyaran sun gane abin da maginan Japan ba su kula da shi ba, wato yadda hoton fararen taurari suna dukan baƙaƙen 'yan daba zai faɗo a ƙasar da ke da irin tarihin Amurka. Wasu kuwa hasara suka jawo. Sunaye da dama a wasan an ɗauko su ne daga mawaƙan Turawa na kiɗan zamani, kamar Axl da Slash da Damnd da Sodom, don haka canza biyu daga ciki ya yanke wani zare na salon wasan. Sunan Katana kuma ya fito da abin da aka so a bar wa mai kallo ya gano da kansa, wato cewa wannan gogarma Ba'amurke ne mai kwaikwayon Japanawa.

Canjin da ya fi nauyi shi ne na mata. Niyyar mai kyau ce: kada yaro ya saba da ganin namiji yana dukan mace. Amma idan aka dubi sakamakon, a bugun Amurka na 1991 macen da ta rage da suna da matsayi a labarin ita ce Jessica kaɗai, ita kuwa a hannun masu garkuwa take daga farko har ƙarshe. An cire macen da ke tsalle tana kai duka, an bar wadda ke jiran ceto. Garin gyaran gira an taɓa ido. Ba wannan ne karo na farko ba. A 1986, da aka baddala wasan Kunio-kun na Technos ya koma Renegade, an mayar da ɗaliban Japan 'yan dabar Amurka, labarin ɗaukar wa aboki fansa kuma ya koma na ceton budurwa. Ke nan tubalin sace mace bai taɓa zama abin gudu ga masu baddalawa ba, har sakawa sukan yi inda babu shi. Gyaran da ya taɓa wannan matsala daga Japan ya zo, lokacin da aka sa Maki a kashi na biyu da Lucia a na uku cikin taurarin da ake wasa da su.

Akwai kuma abin da tarihi ya nuna game da dalilin waɗannan ƙa'idoji. A Disambar 1993 Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman jin bahasi a kan tashin hankali a wasannin bidiyo, a 1994 kuma aka kafa hukumar da ke sa wa kowane wasa alamar shekarun da ya dace da su. Da nauyin zaɓi ya koma kan iyaye, sai kamfanin ya sassauta, har aka bar 'yar daba mace mai suna May a kashi na uku. Duk da haka, a bugun ƙasashen waje na Final Fight One na 2001, Damnd da Sodom sun sami sunayensu na asali, amma Billy da Sid suna nan a gurbin matan. Wannan ya nuna cewa tsoron batun mata ya fi na batun addini daɗewa.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tubalai biyar ne ke riƙe da labarin Final Fight, kuma yawancinsu bukatar injin jefa sulalla da ƙarancin wurin ajiya ne suka haife su. An kuma ga cewa wasan hoton Amurka ne da Japanawa suka zana daga finafinan Amurka, sannan Amurkawa suka ga sai sun yi masa kwaskwarima kafin su nuna wa 'ya'yansu. Kwaskwarimar ta tsaya ga suna da sura, kuma wajen mata ta bar labarin da rauni fiye da yadda ta same shi. Saboda haka duk wanda zai yi nazarin wannan wasa dole ne ya fara da fayyace bugun da yake magana a kai, domin hukuncin da ya dace da na 1989 ba lallai ne ya dace da na 1991 ba. A babi na gaba za a auna wannan sakamako da jerin Streets of Rage na kamfanin Sega, wanda kashinsa na uku ya sha irin wannan gyara a 1994.